Yaro Mai Labari da Masu Sauraronsa: Nazarin Fim Ɗin La Nuit des rois

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 ne Philippe Lacôte, ɗan ƙasar Kwaddibuwa, ya fitar da fim ɗinsa mai suna La Nuit des rois, wato Daren Sarakuna. Manazarta da dama sun ɗauke shi tamkar Dare Dubu da Ɗaya na gidan yari. Wannan takarda za ta dube shi ta wata fuskar, wato matsayin sauraro a rayuwar yaron da ya ga tashin hankali, tare da kwatanta shi da Magana Jari Ce na Abubakar Imam.

2.0 Tushen Labarin

Bayan rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka kimanin 3,000, gungun yara masu ɗauke da wuƙaƙe da adduna sun ɓulla a Abobo ta birnin Abijan, sannan suka bazu zuwa Attécoubé da Adjamé, inda unguwar 220 Logements take, kuma inda Hausawa suka daɗe suna kasuwanci. Jama'a suka laƙaba musu suna microbes, wato ƙwayoyin cuta, hukuma kuwa ta kira su yara masu saɓa wa doka. Sun yi kama da 'yan daban Kano, sai dai da yawansu ba su ko balaga ba. A 2015 mutanen gari suka kashe wani jagoransu mai suna Zama a Attécoubé. A kan wannan kisa aka gina fim ɗin.

3.0 Zubi da Jigo

Tauraron fim ɗin matashi ne ɗan sane, abokin Zama, wanda aka kai kurkukun da a lokacin ake kira MACA. Shugaban fursunoni, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ya naɗa shi mai ba da labari a daren da wata ya yi ja, don ya jinkirta faɗuwar mulkinsa. Wani fursuna ya raɗa wa yaron cewa da zarar labari ya ƙare za a kashe shi. Saboda haka sai ya riƙa jan zaren labarin Zama har gari ya waye.

Abin lura shi ne yadda labarin yake tafiya. Yaron ya fara da ranar kisan, wanda ya gani da idonsa, sai ya kauce ya koma zamanin sarauniya da yaƙin tsafi, sannan ya sake dawowa. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin dabarar jan lokaci kawai. Amma masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara sun san cewa yaron da ya firgita ba kasafai yake faɗin abin da ya gani kai tsaye ba. Kewaye yake yi, ya fake da tatsuniya ko wasa ko zane. A nan ƙarfin fim ɗin yake.

4.0 Kwatanci da Magana Jari Ce

A littafin farko na Magana Jari Ce, aku ne yake ba Musa ɗan sarki labarai dare bayan dare, don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Ke nan labari garkuwa ce da aka yi wa yaro tun kafin ɓarna ta auku. A fim ɗin Lacôte kuwa al'amarin ya juye: yaro ne mai magana, manya ke saurare, kuma ba don amfaninsa ba. Karon farko da mai kallo ya ga an tsaya an ji ta bakinsa shi ne a kurkuku, da mutuwa a kansa. Wannan kishiyar aikin mai ba yara shawara ne, wanda sharaɗinsa na farko shi ne yaro ya san yana cikin aminci, yana da damar yin shiru, kuma ba za a hukunta shi kan abin da ya faɗa ba.

5.0 Rauni

Duk da haka, fim ɗin yana da gibi. Raye-raye da waƙe-waƙen fursunoni, da rigimar gadon mulki, sun danne yaron kansa. An ji tarihin Zama, amma kaɗan aka ji game da tauraron: yaushe ya bar gida, wa ya lura da shi? Rashin wannan ya sa mai kallo zai iya zaton babu wata mafita tsakanin titi da kurkuku. Alhali a Adjamé ɗin kanta, cikin Cibiyar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Ƙasa, akwai Centre de Guidance Infantile, sashen da ke duba yara masu matsalar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a. Tambayar da ya kamata fim ɗin ya tayar ita ce, me ya hana irin su Zama isa can?

6.0 Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko a daidai shekara 14. Hausawa ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai an fi fassara karin maganar da horo da bulala. La Nuit des rois ya nuna wata fassarar: yaron da bai sami mai sauraronsa a gida ko makaranta ba, zai same shi a wurin da bai dace ba, a lokacin da ya riga ya ƙure.