A kan Fassarar Ƙa'idar Heisenberg da "Rashin Tabbas"

Sunan da ya fi saurin zuwa bakin mai fassara, in an zo ga ƙa'idar da Werner Heisenberg ya bayyana a 1927, shi ne "ƙa'idar rashin tabbas". Sunan yana da daɗin faɗi, amma yana ɓad da ɗalibi. Ga Bahaushe, rashin tabbas halin mutum ne, watau akwai magana tsayayya, shi ne dai bai kai gare ta ba.

Misalin irin wannan yana nan a Illo. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris ran 14 ga Yuni 1898 ta sa iyakarsu ta faɗa Kwara mil 10 sama da tsakiyar Giri, mashigin Illo. Mai awo yana iya kuskure wurin da 'yan kamu, domin sarƙar awo takan miƙe, ido kuma yakan gaza. Duk da haka in an yarda da inda tsakiyar Giri take, wurin yana nan, kuma kyawun kayan aiki yana rage kuskuren.

Maganar Heisenberg dabam ce. Ƙwayar ilektaron ba ta da matsayi tsayayye da ƙarfin tafiya tsayayye a lokaci guda. Ƙarfin tafiya kuwa shi ne nauyinta a ninka da gudunta. In aka matse ɗaya, ɗayan sai ya bazu. E. H. Kennard ya nuna a shekarar nan ta 1927 cewa in an ninka bazuwar biyu, abin da ya fito ba ya kasa wani adadi, watau lambar Planck a raba da 4π. Ba na'urar da za ta ƙetare wannan haddi, gama ba a na'ura yake ba.

Lalle masu wannan fassara suna da hanzari. Heisenberg da kansa ya fara bayani da misalin haske mai ture ƙwayar da ake dubawa, kamar dai laifin na mai dubawa ne. Amma lissafin Kennard bai dogara ga turewa ba ko kaɗan.

Saboda haka "rashin ƙayyaduwa" ya fi dacewa, kuma shi ne ma'anar Unbestimmtheit ta Jamusanci. Siffar fi'ilin ma shaida ce: in an ce abu bai ƙayyadu ba, kamar yadda akan ce tuwo bai tuƙu ba, maganar ta koma kan abin, ta bar mai aikin. Malamin da ya koyar da "rashin tabbas" zai yaye ɗalibai masu zaton wata rana za a ƙera ma'aunin da zai warware matsalar, su kuma su koya wa yara haka.