Siminti a Fuskar Tubali: Sharhi a Kan Adana Zayyanar Gine-ginenmu

Mu manazarta adabi mun saba ɗaukar zayyanar bango a matsayin aikin magina kawai, alhali dagi ko takobin da ake fitarwa a goshin zaure saƙo ne da ake karantawa kamar waƙa. Sai dai waƙa tana rayuwa a ka, zayyana kuwa in bango ya tafi, ta tafi. Wannan ne ya sa yadda ake gyara tsofaffin zauruka a Liman Abaji da sauran unguwannin cikin garin Keffi yake damunmu. Da damina ta ci fuskar gini, sai a shafe ta da siminti, a ce an adana.

A ganinmu, wannan binnewa ce. Ginin tubali yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Siminti kuwa kulle ruwan yake yi a ciki, ƙasa ta yi ta lalacewa a ɓoye, har ranar da shafen zai ɓantaro da zayyanar ɗungurungum. Magabata sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Sun san laso, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara. Ba a sayo ko ɗaya daga ƙetare, kuma idan shafen ya tsufa sabuntawa ake yi ba tare da cutar da bangon ba.

Zazzau, wadda Keffi ta kasance ƙarƙashinta a ƙarni na 19, ta ishe mu misali. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu a shekarun 1830, an kewaye shi da ginin kankare a shekarun 1970. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Ba mu ce kankaren ne sanadi ba. Abin da muke cewa shi ne, rufe gini bai ɗauke wajibcin duba lafiyarsa ba.

A nan kimiyya take da gurbi. Ɗan ɓarɓashin tsohon shafe ya isa a duba shi da madubin ƙara girma da hasken eksire, a gano ma'adinan da ke cikinsa. Amma na'ura ba za ta faɗi kwana nawa ake jiƙa makuba ba, ko yadda magini yake gane kwaɓi ya nuna. Wannan ilimi a bakin tsofaffin magina yake, kuma tattara shi aikin ɗaliban Hausa ne, kamar yadda muke tura su ɗauko tatsuniya da kirari.