Ina Muridi a Waƙoƙin Begenmu?

Tun da Failar Shehu Ibrahim Inyas (1900-1975) ta yaɗu a ƙasar Hausa, sha'iranmu ba su huta da bege ba. Amma in muka duba waƙoƙin, karamar Shehu ce ta cika baitoci, muridi kuwa shiru. Ina ma'aikacin masaƙar Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, da a lokacin yakan taso aikin dare, ido jajur, ya zauna lazimi: istigfari 100, salati 100, hailala 100? Ina kokawarsa da son zuciya, da hassadar ɗan'uwa a zawiya, da tsawatarwar muƙaddami? Ai a nan tarbiyya take. Yabo ba laifi ba ne, 'yan'uwa marubuta, amma matafiyin da bai iso ba shi ma yana da labari.