Igiyar da ke Dawo da Roka Lafiya: Nazarin Al'adar Ɗaurinta

Masu sha'awar harba ƙananan rokoki a Amurka sun gaji ƙa'ida ɗaya tun zamanin Orville Carlisle, mai sayar da takalma a jihar Nebraska, da G. Harry Stine, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1957: roka ta tashi, ta sauko lafiya, a sake harba ta. Cikar wannan ƙa'ida ta rataya ne a kan igiyar da ke haɗa hancin roka da gangar jikinta.

Idan man inji ya ƙare, roka takan ci gaba da hawa na 'yan daƙiƙoƙi. A inji mai lamba C6-5, daƙiƙa 5 ne. Daga nan ɗan albarushi ya tashi a cikin bututun gangar jikin, ya tunkuɗe hanci, laimar sauka ta fito. Igiyar nan ce ke shanye fizgar, alhali zafi da tartsatsi suna lasar ta.

Tsohuwar hanya ita ce ta kamfanin Estes, wanda Vern Estes ya kafa a 1958. Ana shafa wa 'yar takarda gam, a naɗe bakin igiyar roba a cikinta, a manna ta a bangon bututu daga ciki, ƙasa da inda wuyan hanci ke zama. Tana da arha, yaro ma zai iya, kuma in ta lalace ana sauya ta. Sai dai roba tana bushewa ta tsinke, tudun takardar kan tare laima, kuma igiyar da ke zuwa cikin kwalin rokar daga kamfani takan yi gajarta, har hanci ya dawo da ƙarfi ya loɓa bakin bututu.

Hanya ta biyu, wadda kamfanin Quest ya yaɗa, ita ce ɗaura zaren Kevlar a mazaunin inji. Wannan zare, da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, yana jure zafi, kuma nauyin fizga yana sauka a wuri mafi ƙwari. Amma ba ya miƙewa. Idan laima ta buɗe roka tana cikin gudu, siririn zaren kan tsaga kwalin bututu daga baki zuwa ƙasa kamar an ja zif. Ga shi kuma in ya ƙone a can ciki, hannu ba ya kaiwa.

Shi ya sa gogaggu suke haɗa biyun: Kevlar daga mazaunin inji ya tsaya dab da bakin bututu, a ƙulla masa roba mai tsawon roka sau biyu ko uku. A manyan rokoki kuwa ana barin roba gaba ɗaya, a ɗaura doguwar igiyar nailan mai faɗi a zoben ƙarfe, tsawon ya rage ƙarfin fizga.

A ganina, rauni mafi girma a al'adar shi ne bin takardar umarnin kamfani ido rufe. Nauyin hanci, ƙarfin inji da kaurin bututu su ya kamata su zaɓi hanya. Duk wanda ya koya wa yaro ja da duba igiya kafin kowane harbi, ya koya masa kare aikinsa da kuma mutanen da ke tsaye a fili.