4.3 Ra'ayin Masoya Kiɗan Fada Kan Kaset ɗin Salla

A ƙasar Isa da Sabon Birni, masoya kiɗan fada sun sha sukar kaset ɗin da 'yan kasuwa kan harhaɗa gab da Salla, su liƙa masa sunan Ibrahim Narambaɗa don ya samu shiga. Kukansu shi ne ana datse waƙa, a zubar da ɗiyan da ke ɗauke da yabon Sarkin Gobir na Isa da zambon magabtansa. Wannan suka tana da hujja, domin a waƙar kotso ɗiya ne ke warware gindi. In an yanke su, ma'ana ta salwanta. Saboda haka aibin yana ga datsewa, ba ga harhaɗawa ba. Wajibi ne a kiyaye wannan yanzu da waya ta maye gurbin kaset.