Bashin Da Dakta Ke Bari A Baya

Suka iri biyu ake yi wa littattafan Doctor Who da kamfanin Virgin ya buga a Ingila tsakanin 1991 da 1997, kuma masu yin su ba sa ga-maciji da juna. Na farko daga malaman adabi yake fitowa: wai littafin da aka rubuta don ya raka shirin talabijin haja ce kawai, marubucinsa ɗan kwangila ne da aka miƙa wa jarumi a shirye aka ce kada ya taɓa masa ko gashi ɗaya. Ba zan ɓata tawada a kan wannan ba, domin yawancin masu faɗinsa ba su buɗe ko littafi guda ba. Na biyun ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, saboda daga cikin gida yake. Masoya shirin ne da kansu, masu karatu da alƙalami a hannu, suna lissafin duk inda littafi ya saɓa wa abin da aka nuna a allo. A wurinsu littafi nagari shi ne wanda bai yi karo da komai ba.

BBC ta fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, ta dakatar da shi a ƙarshen 1989. Littattafan da ake da su kafin nan, na kamfanin Target, mayar da abin da aka riga aka nuna ne zuwa rubutu, kuma Terrance Dicks shi kaɗai ya rubuta fiye da 60. Da shirin ya tsaya, edita Peter Darvill-Evans ya samu izinin ɗora sababbin labarai daga inda aka kwana, da Dakta na bakwai (jarumin shirin, mai canza fuska) da abokiyar tafiyarsa Ace. Aka yi littattafai 61. Cikin marubutan akwai Paul Cornell da Mark Gatiss da Russell T Davies, kuma dukansu uku suna cikin waɗanda suka rubuta shirin da ya farfaɗo a 2005, Davies ma shi ne jagora. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa 'yan kwangila ne.

Sai masu alƙalami. Abin da suke karewa bai taɓa wanzuwa ba. Shirin da kansa sau uku ya ba da dalilin halakar birnin Atlantis, a 1967 da 1971 da 1972, kuma babu wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Fim ɗin 1996 ya ce Dakta rabinsa ɗan Adam ne ta wajen uwa, shirin da ya biyo baya ya kau da kai. BBC ba ta taɓa fitar da hukunci kan wane labari ne na asali ba, saɓanin kamfanin Lucasfilm da ya tashi rana ɗaya a 2014 ya cire tarin littattafan Star Wars daga tarihin da ya amince da shi. Mai son ganin inda biye wa masu lissafi yake kaiwa ya duba War of the Daleks na John Peel, wanda BBC ta buga a 1997 bayan ta karɓe izini daga Virgin. Littafin ya kashe shafuka masu yawa yana bayanin cewa Skaro, duniyar Dalek maƙiyan Dakta, da aka tarwatsa a shirin 1988 ba ita ba ce, wata ce aka yi wa kwalliya don yaudara, kuma yaƙin da aka nuna a 1979 ma yaudara ce aka shirya. An ɗinke ɓarakar da ta dami marubucin, amma da ka rufe littafin da wuya ka tuna mutum ɗaya da wani abu ya same shi har ya canza.

Wani zai ce to ai shi ke nan, a ɗauki Dakta kamar Gizo, wanda ake lakaɗa wa duka a wannan tatsuniya ya fito garau a ta gaba ba mai tambaya. Ban yarda ba. Gizo ba ya cin bashi daga wata tatsuniya zuwa wata. Littattafan Virgin kuwa, inda suka yi kyau, a kan bashi aka gina su: abin da Dakta ya aikata a littafin jiya yana jiransa a na yau, kuma wanda ke riƙe da lissafin ba shi ba ne, abokin tafiyarsa ne.

Dubi Love and War na Cornell, 1992. A ƙarni na 26 ne, a wata duniya da ake kira Heaven, maƙabarta ce ta mutane da wata al'umma da suka taɓa yaƙi da ita. Wasu halittu, Hoothi, suna amfani da gawarwaki suna tayar da runduna. Ace ta kamu da son wani saurayi, Jan, har suka yi alkawarin aure. Dakta ya san cewa hanyar cin nasara ta bi ta kan ran Jan, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar abin ya tafi yadda ya tsara. An ci yaƙi, Jan ya mutu, Ace ta tattara nata ta bar shi. A talabijin da wuya a bar rauni irin wannan a buɗe, saboda mako mai zuwa ana buƙatar 'yar wasan ta fito tana murmushi. A littafi an bar shi. Da ta dawo a Deceit a 1993, shekara uku sun wuce a rayuwarta, ta zama soja, kuma ba ta yafe ba. Mutum mai injin tafiya cikin zamani yana iya sauka a kowace shekara ya ga dama, amma ba zai iya komawa ranar da yarinyar ta yarda da shi ba.

A wannan littafin ne Cornell ya shigo da Bernice Summerfield, kuma dabarar da na fi so a duk jerin tana hannunta. Bernice mai haƙar kayan tarihi ce, tana kiran kanta farfesa alhali takardar ta jabu ce. Tana rubuta kundin abin da ya faru da ita kullum, kuma idan wani shafi bai yi mata daɗi ba sai ta manna 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a kansa ta rubuta sabon zance. Ba ta yaga na farkon ba. Yana nan ƙarƙashi, wanda ya ɗaga takardar zai gan shi. Cornell ya ɗauki ainihin abin da masu lissafi ke kuka da shi, wato labari biyu a kan al'amari ɗaya, ya mai da shi halin mace guda. Mace ce da sana'arta tono gaskiyar matattu, amma ba ta iya kallon tata gaskiyar ido da ido. Mahaifiyarta ta mutu a harin Dalek lokacin da ta koma ɗauko mata 'yar tsana, mahaifinta ya ɓace a yaƙi ana zarginsa da gudu. Duk barkwancinta da yawan shanta a kan wannan aka manna su. Saboda haka idan mai karatu ya iske wani yanki na labari daga kundinta, aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana bin abin da ya faru, yana kuma auna inda take ɓoyewa.

Inda dabarar ta kai ƙololuwa shi ne Human Nature, 1995, kuma ba a gane shi sosai sai an karanta wanda ya gabace shi. A Sanctuary na David McIntee, a kudancin Faransa na ƙarni na 13, Bernice ta so wani jarumi, Guy de Carnac, ta kuma rasa shi. Marubuci daban ne, zamani daban, amma Cornell ya karɓi makokin kamar amana. Dakta ya ga tana baƙin ciki, ya ga bai san yadda abin yake ba, sai ya cire tunaninsa ya adana a wani abu mai kama da ƙwallon kurket, ya zama mutum, John Smith, malamin makarantar maza a Ingila a 1914, ana gab da babban yaƙi. Sai al'amari ya juye. Mai makoki ita ce ta koma mai gadi, tana zaune a ƙauye a matsayin 'yar ɗan'uwansa, tana kallon mutumin da ta sani yana koyon son wata bazawara, Joan Redfern, bai ma san ko shi wane ne ba. Duk tarihin jerin a kan mutum ɗaya ya rataya a waɗannan shafuka, domin ita kaɗai ta tuna. Da kuma lokacin dawowa ya yi, dole Smith ya gushe domin Dakta ya dawo, Joan ta sake zama mai rashi. Ya tafi neman sanin ciwon mace ɗaya, ya bar wata da irinsa.

Cornell ya sake rubuta labarin don talabijin a 2007, da David Tennant a matsayin Dakta da abokiyar tafiya Martha Jones, aka mayar da shekarar 1913, ƙwallon ya zama agogon aljihu. Masu lissafi har yau suna gardamar yadda abu ɗaya zai faru da Dakta biyu. Ni abin da na gani shi ne dalilin ya rame. A allo gudun maƙiya ne ya sa shi ɓuya, dalilin da kowane shiri zai iya ƙirƙira. An samu riba a wani gefen, domin Martha baƙar fata ce da aka mai da 'yar aikin makaranta, kuma shirin bai kau da ido daga wulaƙancin da take sha ba. Amma babu Guy, babu makokin da aka gado daga wani marubuci, don haka babu bashi.

Ba na cewa duk 61 haka suke. An ja zaren Ace soja har ya gundura, wasu marubutan bindigarta kawai suka gani, sai da Kate Orman ta sallame ta da mutunci a Set Piece a 1995. Shi kuwa Lungbarrow na Marc Platt, 1997, wanda masoya ke rububin nema saboda ya ce ba haihuwar mutanen Gallifrey, duniyar Dakta, ake yi ba, saƙa su ake yi a masaƙa, ni ban ga abin da ya sa ake ɗora shi sama da Human Nature ba. Asirin asalin Dakta kowa na iya rushe shi, kuma shirin 2020 ya zo da nasa dabam.

Abin da ba a rushe ba ita ce Bernice. Da BBC ta karɓe Dakta a 1997, Virgin ta ci gaba da jerin da ita kaɗai har 1999, ba tare da Dakta da injinsa ba. A 1998 kamfanin Big Finish ya fara wasannin sauraro da ita, da muryar Lisa Bowerman, tun kafin ya samu izinin taɓa Dakta. Wannan ya ƙara mini ƙarfin abin da na daɗe ina zato, cewa a irin wannan adabi mai injin zamani ba shi ne jarumi ba. Shi fuska yake canzawa, shekarunsa ma ba ya faɗinsu daidai sau biyu. Wadda ke tsufa a jere, ta yi aure a littafi na 50, ta iske mahaifinta da rai a Ingila ta 1983, ita ce labarin yake faruwa a kanta, kuma ita ya kamata masu alƙalami su riƙa bibiya.