Gardamar wata a fada

Ɗan uwa mai karatu, ka san hirar dare a fada. Wani ya ce an taka wata, wani ya ce ƙaryar Nasara ce. A yi ta hayaniya har shayi ya huce, ba mai kawo hujja. Irin wannan gardama ba ta ƙara wa kowa sani.

Ran 20 ga Yuli 1969, Neil Armstrong, mutumin Amurka, ya sauka bisa wata. Daga 1969 zuwa 1972, mutum 12 suka taka shi. Sun zo da duwatsu da ƙasa kilo 382, masana na ƙasashe da yawa suka duba su. Tarayyar Sobiyet, kishiyar Amurka a lokacin, ba ta ƙaryata ba. Ka taɓa ganin kishiya ta rufa wa kishiya asiri?

Tambaya ba laifi ba ce. Laifin shi ne ƙin abu don idonka bai gani ba. Mai wannan hali, gobe sai ya ƙi allurar ƙyanda, ɗansa ya sha wuya. Tun da ka iya karatu, in ka ji labari, ka tambaya: wa ya faɗa, ina hujjarsa?